Dubu 250 za ta kai ni saman dutsen Mambila kuwa?

Ga saƙon da ya shigo, na ɗan rage shi saboda tsayi:

"Yaya barka da aiki. Ni ɗan Kano ne, shekarata 26, watan jiya na gama bautar ƙasa, daga alawi da ɗan lesin da na riƙa yi wa yara na tara dubu 250. Tun ina makaranta nake son ganin Mambila, yanzu kuma bidiyon da nake gani a TikTok sun hana ni sakat. So nake na hau dutsen Chappal Waddi, na tsaya Yankari a hanya, in da hali ma na zarce Obudu. Na tuntuɓi wani mai shirya irin wannan tafiyar ya ce dubu 450 kowane mutum ɗaya. Abokaina biyu da muka yi alkawari da su duk sun zame. Babanmu atamfa yake sayarwa a Kwari, da na taɓa masa maganar ce min ya yi yawon banza ne, na zo kasuwa na zauna. To ni dai na yanke shawarar na ce masa zan je Jos karɓo wata takarda, daga can na wuce ni kaɗai, in kuɗin ya gaza na ɗan ci bashi a irin manhajar rancen nan ta waya. Don Allah ya zan tsara abin?"

Ƙanena sannu da ƙoƙari. Wallahi mutum ya fito daga bautar ƙasa da dubu 250 a aljihu a wannan marrar ba ƙaramin abu ba ne, da yawa da bashin mai shago suke fitowa. Kuma ni ba na cikin masu cewa zuwa ganin ƙasa yawon banza ne, sam. Sai dai zan faɗa maka tun daga farko don kar ka yi ta karatu kana jiran a yi maka daɗin baki: kuɗinka zai kai ka Gembu, babban garin Mambila a jihar Taraba, ya dawo da kai Kano lafiya har da tsaraba, amma ba zai kai ka saman Chappal Waddi ba, balle Obudu. Tafiya huɗu ka haɗa a takarda ɗaya kana kiran ta tafiya ɗaya.

Obudu dai cire ta yanzu-yanzu. A taswira ka gan ta kamar nan da can da Mambila, amma tana jihar Kuros Riba, kuma in kana Gembu sai ka sake saukowa daga dutsen gaba ɗaya ka zagaya ta Binuwai kafin ka kai, wato wata sabuwar tafiya ce da kuɗin motarta daban.

Yankari kuwa gaskiya a kan hanyarka take, in ka bar Bauchi ka kama titin Gombe a Dindima ake ratsewa, daga babbar ƙofa ta Mainamaji kuma akwai wajen kilomita 40 da wani abu cikin daji kafin ka isa sansanin Wikki. Matsalar ita ce lokacin da ya dace da Yankari ba shi ne ya dace da Mambila ba. Yankari sai rani ya yi nisa, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe ruwa ya janye dabbobi sun taru bakin kogin Gaji, a lokacin ne kake da rabon ganin giwa da ɓauna da gwanki. In ka je da ƙarshen damina daji ya rufe, za ka biya kuɗin mota a zagaya da kai ka dawo ba ka ga komai ba sai gwaggon biri, su kuwa ba sai ka biya ba, suna nan tsakar sansani suna jiran ka fito da leda a hannu, kafin ka juya ɗaya ya fizge ya hau rufin ɗaki ya zauna yana ɓare maka burodinka kana kallo. Ruwan Wikki kam kullum yana nan da ɗuminsa, digiri 31 dare da rana, rani da damina, ba inda zai je. Ka ajiye Yankari zuwa watan Maris, tafiyar kwana biyu ce daga Kano, kuma ita ce irin wadda abokan naka da suka zame za su iya yarda su bi ka.

Sai babban, Chappal Waddi. Shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, yana kan iyaka da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti wanda ya fi kowane gandun daji na gwamnatin tarayya girma, hedikwatarsa tana Serti. Ba wuri ne da za ka ɗauki jaka ka ce bismillah ka kama hawa ba. Sai da izinin hukumar gandun, sai da renja, wato ma'aikacin gandun da zai raka ka, sai babur da zai kai ka ƙauyukan gindin dutse daga wajen Nguroje, sai mai ɗaukar kaya, sai abincin duk waɗannan mutanen na kwanaki, don hawa da sauka ba aikin wuni ɗaya ba ne. To lura da abu ɗaya, duk kuɗin nan na ƙungiya ne ba na mutum ɗaya ba. Renja ɗaya zai raka mutum shida kamar yadda zai raka mutum ɗaya, kuɗinsa bai canza ba, in ku shida ne kun raba in kai kaɗai ne ka ɗauka duka. Shi ya sa ba zan ce mai dubu 450 ɗin nan ɓarawo ba ne, ƙila ya ɗora riba mai kauri amma akwai abubuwan da dole sai an biya a ciki. Kuma wannan shi ne wuri ɗaya da ban yarda a yi tsumulmula ba. Duk wanda ya ce maka zai kai ka ta bayan fage ba izini ba renja a kan kuɗi kaɗan, ka ce masa ka gode. Daji ne na gaske, ga iyakar ƙasa, ga babu sabis, in ƙafarka ta gurɗe a can ba TikTok ɗin da zai sauko da kai.

Saboda haka tafiyar bana ita ce Mambila zalla, kuma kar ka raina ta, yawancin abin da ke hana ka barci a bidiyon nan, tuddai kore shar shanu na kiwo hazo na bin su, ba a saman Chappal Waddi aka ɗauke su ba, daga bakin titi ne tsakanin Maisamari da Nguroje da Gembu.

Yanzu mu zo kan Baba, don a nan ne na ga ka fi kaucewa. Bar ma maganar ƙarya ga mahaifi, wannan ka san hukuncinta ba sai na yi maka wa'azi ba. Ta fuskar tafiya kawai nake magana: ka ce Jos za ka, kai kuma kana hanyar Bali, in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, a Jos za a fara neman ka, kwana nawa za a ɓata kafin a gane inda ka nufa? Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, mutumin da kake shirin ɓoye wa tafiyar shi ne ejan ɗin da ya fi kowa araha a duk garin Kano. Mutum yana sayar da atamfa a Kantin Kwari! Ka san adadin 'yan Jalingo da Bali da Serti da Gembu da ke zuwa sarin kaya a kasuwar nan? In shi ba shi da kwastoma daga can, maƙwabcin shagonsa yana da shi, in babu ma akwai masu lodin dila da suka san direban da ke ɗaukar kayan Taraba duk mako. Waya ɗaya Baba zai buga ya ce Alhaji ga yarona nan zai zo wajenku, shi ke nan ka samu mai tarbar ka, ka samu ɗaki, ka samu wanda zai ce maka kar ka bi hanya kaza wannan satin. Abin da mai shirya tafiya ke sayar maka da tsada kenan, sanin mutane.

Yadda za ka tunkare shi kuwa, kar ka je masa da waya kana nuna masa bidiyo kana cewa Baba dubi kyau, dattijon kasuwa kyau ba ya burge shi, lissafi ke burge shi. Je da takarda: zan tashi ranar kaza, zan kwana wuri kaza, zan dawo ranar kaza, kuɗina ne ba na neman ko sisi, kuma ranar da na dawo washegari ina shago. Wannan na ƙarshen shi yake son ji, tsoronsa kar ka zama ɗan yawo ne ba dutsen ba. In kana da wayo ma ka ce zai iya ba ka samfurin kaya ka kai wa kwastomominsa na can, ko ka karɓo masa bashi in yana bin wani. In ka san kai da shi ba kwa doguwar magana ka bi ta wajen Umma ko wani kawu da yake jin maganarsa. In duk an yi ya ce a'a, to ka haƙura ka shiga kasuwa wata uku ka sake tambaya, Mambila tun 1961 da aka yi ƙuri'ar raba gardama yankin ya zaɓi Najeriya take nan, ba za ta koma Kamaru kafin baɗi ba.

To mu ce ya yarda. Lokaci mafi kyau shi ne Nuwamba zuwa farkon Disamba, ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, amma ciyawa ba ta ƙone ba tukuna. Da damina wurin ya fi kyau a hoto amma hanyoyin ƙauye sun zama taɓo, ruwa kuma yana iya tsare ka ɗaki wuni guda, in kuma ka bari sai Janairu ko Fabrairu ƙurar hunturu ta rufe nesa an kuma fara ƙona ciyawa. Ka kauce wa satin Kirsimeti da satin Sallah, kuɗin mota tashi yake.

Hanya kwana biyu ce zuwa, kwana biyu dawowa, kar wani ya ruɗe ka da cewa za a yi ta a miƙe. Rana ta farko Kano zuwa Jalingo, ta Gombe da Kaltungo da Numan, wuni guda ne cur. Ka yi asubanci tasha ka shiga motar farko, kuma a tasha cikin tasha, ba bakin titi ba, ɗari biyar ko dubu ɗaya da za ka rage a motar bakin titi ba ta kai kasadar ba, a tasha aƙalla akwai 'yan yuniyon kuma ana rubuta sunan fasinja da lambar ɗan uwansa. Ka kuma buɗe ido da wata dabara, za ka leƙa mota ka ga saura mutum biyu ta cika, ka biya ka zauna, can sai ka ga na kusa da kai ya sauka wai zai yi fitsari bai dawo ba, na gaba ma haka, ashe yaran tasha ne aka zaunar don a ja fasinja, kai da za ka tashi ƙarfe bakwai sai goma. Tambayi ɗan kamasho kai tsaye mutum nawa suka biya, ko ka dubi but ka ƙirga jakunkuna.

Kwana a Jalingo. Rana ta biyu ka sake yin sammako, Garba Chede, Bali, Serti, sai Mayo Selbe inda hawan yake farawa. Nan ne za ka san ka zo. Titi ya riƙa nannaɗe dutse, kwana bayan kwana, gefe ɗaya bango gefe ɗaya rami, direba ya sa giya ɗaya mota na kuka, hira ta mutu a mota kowa na salati ƙasa-ƙasa, kunnenka ya toshe, sai kawai ka ji iskar da ke shigowa ta taga ta canza, kai da ka baro Serti kana gumi ka fara laluben rigar sanyi. In akwai hali ka zauna kusa da taga, kuma kar ka cika ciki kafin hawan in kana da amai a mota. Wannan hawan ba a yin sa da dare, in mota ta makara kuka iso Serti magariba ta gabato, sauka ka kwana, asarar kuɗin ɗaki ɗaya ce. Gaba ɗaya ma dokar tafiyar nan ita ce rana ta faɗi kana cikin gari. Kuma ana gobe za ka tashi ka sa mai masaukinka ya tambayar maka direbobi lafiyar hanya a wannan satin, labarin wata uku da suka wuce ba shi da amfani, na intanet ma haka.

Lissafin kuɗi yanzu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya, don haka ranar Asabar ɗin nan ka taka da ƙafarka zuwa Unguwa Uku ka tambayi kuɗin Jalingo a bakin masu lodi, ka karɓi lambar direba ɗaya, shi zai faɗa maka na Jalingo zuwa Gembu ko ya haɗa ka da wanda ya sani. Abin da ka samu ka ninka biyu ka ƙara kwata a kai. Kafin ma wannan, ka zare dubu 50 daga cikin 250 ɗin ka sa a wani asusu daban ka manta da ita, ba ta suya ba ce ba ta tsaraba ba, ta ranar da mota ta lalace a Bali ce ko zazzaɓi ya kama ka. Saura dubu 200. Cire na mota, abin da ya rage shi zai faɗa maka kwana nawa za ka yi a sama, ba kai za ka faɗa masa ba. In ya ba ka kwana huɗu madalla, in uku ne ma sun isa. Kuskuren da matasa suka fi yi shi ne su fara yanke kwana goma sannan su zo suna matse kuɗi ya isa, ƙarshe a rana ta shida ana ta kiran gida a turo na mota.

Bayan mota, abu biyu ke cin kuɗi, ɗaki da babur. Ɗaki mun riga mun yi maganar hanyar Baba. Ga hanya ta biyu: kai da ka gama bautar ƙasa watan jiya har yanzu kana cikin guruf-guruf na WhatsApp, ka yi cigiya wa ya san ɗan bautar ƙasa a ƙaramar hukumar Sardauna, inda Gembu take, ko a Jalingo, ka bi ta MCAN, ƙungiyar Musulmi 'yan bautar ƙasa, masaukin 'yan bautar ƙasa ba ya rasa katifar baƙo ta kwana ɗaya ko biyu. Amma don Allah kar ka je hannu rabbana. Wanda ya sauke ka ka riƙo masa wani abu daga Kano, turare ko hula ko dabino, in gidan iyali ne ka sa Umma ta yi maka dubulan ko alkaki, ka kuma sa hannu a cefane ko da an ce ka bari. Kwana uku ka tattara, kar a fara tambayar ka yaushe za ka koma. In ba a samu kowa ba akwai ƙananan masaukai a Gembu, ka ga ɗakin da idonka kafin ka biya, tambayarka ta farko kuma ba fanka ko AC ba ce, bargo da ruwan zafi.

Babur kuwa shi ne ƙafarka a can. Kar ka riƙa tsayar da ɗan acaba duk inda za ka, ka sa mai masaukinka ya samo maka mutum ɗaya da ya yarda da shi ku yi jinga ta wuni, da mai ko ba mai ku fayyace tun safe. Shi zai kai ka gonar shayi ta Kakara, ka ga inda ganyen Highland Tea yake fitowa, ya kai ka bakin kogin Donga, ya kai ka dajin Ngel Nyaki ta wajen ƙauyen Yelwa in ka nemi izinin masu kula da shi, ya kuma kai ka wuraren da ba su da suna a intanet waɗanda galibi sun fi daɗi. Hausa za ta yi maka aiki a ko'ina cikin gari, amma Fulatanci ne ke tafiya sosai a can, ka koyi ko gaisuwa ce. In ka ga ruga ko garken shanu kar ka zaro waya ka hau ɗauka, yi sallama ka nemi izini, yanki ne da ya sha rikicin fili tsakanin makiyaya da manoma, mutane suna lura da baƙo mai kamara. Kar ka kuma tsoma baki a hirar wa ke da gaskiya, ba ita ta kai ka ba.

Abinci ba zai ci maka kuɗi ba in ka ci abin da 'yan gari ke ci, ga fiya ga ayaba ga nono da man shanu. Na hanya ne ke da tsada da ɓata ciki, don haka ka ɗauko garin kwaki da ƙuli da suga da dabino daga gida. Kayan sawa kuma kar ka sayi sabo ko ɗaya, jaket da suwaita ka ara ko ka leƙa gwanjo a Kofar Wambai, hular sanyi, safa biyu masu kauri, kambas ɗin da ka yi kam ɗin bautar ƙasa da shi ya isa. Tudun ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, sanyin asubarsa ba irin na Kano ba ne, alwala za ta gaya maka. Fawa bank, tocila, maganin zazzaɓi da na gudawa da farasitamol. Layin waya biyu na kamfani daban-daban. Tsabar kuɗi a hannu ka raba su wuri uku, don in sabis ya ɗauke tiransifa da POS duk sun tashi aiki. Katin ɗan ƙasa ko takardar NIN ta zauna a aljihun gaba tare da kwafin takardar gama bautar ƙasa, hanyar iyaka ce akwai shingaye da yawa har da na imigireshan, a gaishe su a amsa abin da suka tambaya, kuma kar ka kuskura ka ɗauki bidiyo a shinge.

Maganar tafiya kai kaɗai, ni na fi son ka samu ko mutum ɗaya, ɗaki ku raba babur ku raba, in ɗaya ya kwanta ɗaya ya tsaya. Abokanka sun zame ne ƙila don sun ji dubu 450 da hawan dutse na kwanaki, koma musu da sabon lissafi na kwana bakwai ko takwas da ainihin kuɗin mota da ka jiyo a tasha ka gani ko ɗaya ba zai dawo ba. In babu, to ka daidaita ranar tafiyarka da ranar da wani kwastoman Kwari zai koma gida ku tafi tare, daga nan hannu zuwa hannu har Gembu. Kullum da magariba ka kira gida ka faɗi inda kake da inda za ka gobe, ka kuma bar lambar mai masaukinka da ta ɗan acabarka wajen Umma.

A dawowa ka tsaya Serti ko na awa biyu ne, ka shiga ofishin gandun dajin ka zauna da su ka tambayi komai na hawan Chappal Waddi, kuɗin izini, na renja, kwana nawa, wane wata, mutum nawa suke so a ƙungiya, ka rubuta ka karɓi lamba. Da wannan takardar za ka tara mutum biyar ko shida baɗi ku raba kuɗin, kai ne ma za ka zama mai shirya tafiyar.

Rancen manhaja kuwa a'a, ko naira dubu biyar ce. Kuɗin ruwa ne mai tsanani na 'yan kwanaki, kai kuma ba ka da albashin da zai shigo ƙarshen wata, kuma da yawansu in ka makara lambobin da ke wayarka suke bi da saƙon tozarci, ciki har da ta Baba da ta abokan kasuwarsa. In ka dawo daga tasha ranar Asabar ka ga lissafi bai kai ba, ka rage kwana ɗaya a sama, in har yanzu bai kai ba ka ɗaga tafiyar ka yi wata biyu a shago ka cika. Ka turo min abin da suka ce maka a Unguwa Uku mu sake duba lissafin tare.